Shirin Kujeru da Tebura a Babban Ɗakin Kwas

Zuwa ga Hakimai da Malamansu

Da wuya yanzu shekara ta kewayo ba a tara mutane a gunduma don a koya musu wani aiki ba. Yau kamfani ne ya zo zai horar da wakilansa masu sayen amfanin gona, gobe banki ne, jibi ma'aikatan lafiya ne za a nuna musu yadda a ke cika takardun rigakafi. Sau da yawa wurin Hakimi a kan fara zuwa neman ɗaki, malaminsa kuwa shi a kan bar wa ɗawainiyar shirya wurin. Har ila yau su malaman nan a kan aika da su birni kwas, su zauna a manyan ɗakunan da kamfanoni da ma'aikatu suka gina musamman don horo. Saboda haka ya kamata su san dalilin da ya sa a ke jera kayan irin waɗannan ɗakuna yadda a ke jera su, don su ma su iya yi a gida.

Abin da a kan yi galibi shi ne, ana gobe taro da la'asar sai a aiki yara su kwaso kujeru, a jera su tun daga gaba har bango, a kafa tebur guda da ƙyalle a gaba don manya, a ce shiri ya ƙare. Kashegari mutane su cika ɗaki. Na gaba su ji, su gani. Na baya su yini suna leƙe ta tsakanin kawunan 'yan'uwansu, suna rubutu a bisa gwiwa. Bayan kwana uku a raba wa kowa takardar shaida, a watse. Hasarar ba ta bayyana sai an koma bakin aiki, a ga rajista cike da kurakurai, a shiga zargin malamin da ya cika ta, alhali kuwa ba laifinsa ba ne, inda aka zaunar da shi ne bai ga allo ba.

Duk wanda aka kira kwas yana da hakki huɗu a kan mai shirya ɗaki: ya gani, ya ji, ya sami wurin rubutu, ya kuma iya fita da sauri in wani abu ya faru. Ba da mutumin sahun gaba a ke auna kyan shiri ba, da wanda ya sami kujera mafi muni a ke aunawa. In wannan ya sami hakkinsa huɗu, to, kowa ya samu.

Zama ya kan juya magana

An daɗe da lura cewa yadda mutane suka zauna shi ke juya yadda za su yi magana. Cikin watan Mayu na 1941 bom ya rushe zauren Majalisar Wakilai ta Ingila. Da aka zo shawarar sāke gini a 1943, Firayim Minista Winston Churchill ya tsaya a kan a mai da zauren yadda ya ke a dā, watau bencuna sashe biyu masu fuskantar juna, domin a ganinsa wannan zama shi ya raini irin muhawarar da su ke yi. Haka kuwa aka yi, aka buɗe zauren a 1950.

Manyan kamfanoni su ma sun ɗauki abin da muhimmanci. A 1956 kamfanin General Electric ya buɗe makarantarsa ta horar da manajoji a Crotonville, cikin jihar New York ta Amurka, wasu kamfanoni da yawa suka bi sawunsa. A 1967 wani malamin jami'a a Kalifoniya, mai suna Robert Sommer, ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan zaman ɗalibai. Ya ga cewa in an zauna sahu-sahu, na gaba da na tsakiya sun fi na baya da na gefe sa baki cikin darasi. In kuwa an kewaye tebur, wanda ke fuskantar malami ido da ido ya fi yawan magana.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowa ya san zaman fada dabam, zaman makarantar zaure dabam, sahun masallaci dabam, kowanne da abin da a ke nufi da shi. Ɗakin kwas ma haka ya ke.

Tambaya ta fari

Mutane su kan tambaya, ɗakin nan mutum nawa zai ci? Wannan tambaya ba ta da amsa sai an san aikin da za a yi a ciki. Saboda haka tun da wuri malamin Hakimi ya sami mai koyarwa, ko wakilin kamfanin, ya tambaye shi: Jawabi za a saurara kurum, ko za a yi rubutu? Za a yi aiki da kwamfuta? Za a raba mutane ƙungiya-ƙungiya? Za a nuna majigi? Kwana nawa za a yi? Amsar da ya samu ita za ta nuna masa wanda zai zaɓa cikin irin zama biyar ɗin nan.

1. Sahun kujeru zalla. Babu tebur, kowa na fuskantar gaba. Ya fi kowanne cin mutane. Ya dace da jawabin buɗe taro, ko wata sanarwa ta sa'a ɗaya ko biyu. Bai dace da kwas na rubutu ba ko kaɗan.

2. Zaman aji. Sahun tebura, kujeru a bayansu. Shi ne na aikin rajista, da lissafi, da kwamfuta. Aibinsa shi ne kowa ƙeyar ɗan'uwansa ya ke gani, shawara ba ta yin armashi.

3. Ƙayar kifi. Zaman aji ne, amma an karkato teburan dama da na hagu kaɗan suna duban tsakiyar allo. In ɗaki mai faɗi ne wannan ya fi, don na gefe ba sai sun yini da murɗaɗɗen wuya ba, kuma sashen dama ya kan ga fuskokin sashen hagu.

4. Sawun kofato. A jera tebura su yi gefe uku, a bar gaba a buɗe, kamar sawun kofaton doki. Kowa na ganin kowa, mai koyarwa kuma ya kan shiga tsakiya ya duba littafin kowane mutum. Ya fi kowanne kyau ga tattaunawa, amma ya fi kowanne cin wuri. In mutane sun haura 25 sai bakin wancan gefe ya yi wa wannan nisa.

5. Ƙungiya-ƙungiya. Tebura a warwatse, kowanne da mutum 5 ko 6, a bar gefen da ke wajen allo babu kujera don kada wani ya ba mai koyarwa baya. Shi ne na kwas ɗin da za a riƙa ba mutane aiki su yi tare. Sai dai ya kan jawo hira, sai mai koyarwa ya zama mai zagayawa.

In kwas na kwana da yawa ne, mai yiwuwa a bukaci zama iri biyu ko uku. Don haka kamfanoni su kan sayi ƙananan tebura marasa nauyi, masu naɗewa ko masu ƙafar taya, da kujerun da a ke ɗora wata bisa wata. Hakimin da za a yi wa ɗakin taronsa kaya, gara ya sa kafinta ya yi tebura ƙanana da yawa masu girma ɗaya, da ya yi dogo guda wanda sai mutum shida za su ɗaga.

Awo

Ko da ya ke awon hukuma da mita ne, kafintocinmu da magina har yanzu da ƙafa da inci suka fi aiki, don haka da su za mu yi lissafi. Mita 1 ta yi wajen ƙafa 3 da inci 3.

Tsayin tebur na rubutu daga ƙasa inci 28 zuwa 30 ne. Mazaunin kujera inci 17 zuwa 18. In an haɗa doguwar kujera da gajeren tebur, ko gajerar kujera da dogon tebur, kafin azahar kafaɗa da baya sun gaji.

Mai rubutu a ƙaramin littafi yana bukatar ƙafa 2 na bakin tebur, ba ƙasa da haka ba. Mai babbar rajista ko kwamfuta yana bukatar ƙafa 2 da rabi zuwa 3. Watau tebur mai tsawon ƙafa 6 zai ɗauki mutum 3 a matse, ko mutum 2 a sake. A tuna kuma awon nan an yi shi ne da masu kwat da wando. Mai babbar riga ya fi su cin wuri, saboda haka a wurinmu mutum 2 ya fi.

Faɗin tebur ƙafa 1 da rabi ya isa rubutu, amma in da kwamfuta sai ƙafa 2. Daga bakin tebur zuwa teburin da ke bayansa a bar ƙafa 3, don mutum ya ja kujera baya ya miƙe ba tare da ya bugi na bayansa ba. Hanyar tsakiya a ba ta ƙafa 4, ta gefe kada ta kasa ƙafa 3.

Misali da ɗaki guda

A ce muna da ɗaki mai tsawon ƙafa 50, faɗin ƙafa 36, allo yana jikin gajeren bango. Za mu shirya shi zaman aji da tebura masu tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 2.

Mu fara da faɗi. Hanya uku, ta dama da ta hagu da ta tsakiya, kowacce ƙafa 4, sun ci ƙafa 12. Saura ƙafa 24, watau tebur 4 a sahu, biyu dama biyu hagu. Kowane tebur mutum 2, sahu ya zama mutum 8.

Sa'an nan tsawo. A bar wa mai koyarwa ƙafa 12 a gaba, don teburinsa da majigi da wurin kai da kawowa. A bar ƙafa 8 a baya, don teburin ruwan sha da takardu da masu shigowa a makare. Saura ƙafa 30. Kowane sahu yana cin ƙafa 5, watau 2 na tebur, 3 na kujera. Sahu 6 ke nan, tebur 24, mutum 48.

To, ɗakin nan dai in aka kwashe teburan aka jera kujeru zalla, kujera 7 dama, 7 hagu, sahu 10, kowane sahu ƙafa 3, zai ci mutum 140. In aka yi ƙungiya-ƙungiya da tebura masu kewaye, masu faɗin ƙafa 5, aka ɗan ci wurin baya, tebur 9 za su shiga, mutum 45 zuwa 54. In sawun kofato ne, tebur 4 a kowane gefe, mutum 24 kaɗai. Ɗaki ɗaya, amsa huɗu. Don haka in kamfani ya aiko ya ce zai kawo mutum 100 kwas na rubutu a ɗaki irin wannan, alheri ne Hakimi ya gaya musu gaskiya tun da wuri: ko su raba mutanen kashi biyu, ko su nemi wani wuri. Kunyar rana ɗaya ta fi hasarar kwana uku.

Gani

Masu aikin majigi suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. In rubutu za a karanta a allon majigi, kada nisan mutumin ƙarshe ya wuce tsayin hoton sau 6. In kuwa lissafi ne mai ƙananan lambobi, sau 4. Na sahun gaba kuma kada ya matso fiye da tsayin hoton sau 2, don kada ya yini da ɗaga kai. Gindin hoton ya tashi daga ƙasa da wajen ƙafa 4, don ya haye kawunan mazauna.

Mu koma ɗakinmu na misali. Mutumin sahu na shida yana zaune wajen ƙafa 40 daga allo. A raba 40 gida 6, hoton na bukatar tsayin kusan ƙafa 7. A ƙara ƙafa 4 na ƙasa, ana bukatar bango mai ƙafa 11. In rufin ɗakin ƙafa 10 ne, hoton ba zai wuce ƙafa 6 ba, iyakar nisa ta zama ƙafa 36. Sahu na biyar yana ciki, na shida ya fita. Sai ko dai a cire sahun nan a tsaya a mutum 40, ko a kafa wani allon talabijin a tsakiyar ɗaki don na baya. Wannan lissafi ba ya cin minti biyar, amma shi ke raba kwas mai amfani da na banza.

A lura da ginshiƙi. In ɗaki na da ginshiƙai, a sa hanyoyi su bi ta kansu, kada a ajiye kujera a bayansu. Kada a kafa allo a jikin bangon da ke da taga, domin hasken waje zai kashe ido, mai koyarwa ya zama inuwa. Haske ya shigo ta gefe. In rana na faɗawa kan allon majigi da safe ko da yamma, a tanadi labule. Teburin mai koyarwa a kawar da shi gefe guda, kada ya tsaya tsakanin mutane da allo. Mai rubutu a allo da alli ko alƙalami ya yi baƙaƙe manya, a ƙalla inci 2 a ɗaki irin wannan, ya je baya da kansa ya duba ko suna karantuwa.

Ji

Murya tana raguwa da sauri fiye da yadda a ke zato. A fili, in nisa ya ninka biyu, ƙarfin sauti ya kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin ɗaki bango ya kan mai da sauti, amma in siminti ne ƙasa da bango, rufi kuma kwano ne, sai amsa-kuwwa ta cakuɗa maganar. Labule mai kauri da darduma ko tabarmi suna rage wannan. In mutane sun kai 40 a nemi lasifika, a ɗaga ta sama da kawuna, a sa ta gaba da abin magana don kada ta yi kuka. Ƙananan lasifika biyu ko huɗu a jikin bango sun fi babba guda wadda za ta kurmantar da na gaba. Janareta kuma a kai shi nesa da tagogi, saboda ƙara da kuma hayaƙinsa, wanda ya ke kisa in ya taru a ɗaki.

Ƙofofi da hanyoyi

Wannan shi ne sashen da rai ke ciki. Ran 16 ga Yuni 1883 aka tara yara a wani zauren wasa mai suna Victoria Hall, a garin Sunderland na Ingila. Da aka ce za a raba kyauta sai yaran bene suka rugo ƙasa. A gindin matakala akwai ƙofa mai buɗewa ciki, an sa mata sakata ta bar 'yar kafa ta wucewar mutum guda. Yara 183 suka mutu a matse, ba wuta, ba rushewar gini. Bayan wannan ne aka tsananta doka a kan ƙofofin wuraren taro su riƙa buɗewa waje.

Ƙa'idar gini da a ke bi a Amurka ta ce ɗakin taron da zai ɗauki mutum 50 ko fiye ya kasance da mafita biyu, nesa da juna, ƙyamarensu na buɗewa waje. Ko ba a tilasta mana ba, hankali ya yarda da wannan. Abin da mai shiri zai kiyaye shi ne: kada a kulle ƙofa ta biyu da kwaɗo don hana mutane sulalewa; kada a jingina rarar kujeru a bayanta; kada teburin rajistar mahalarta ya tare bakin ƙofa; kada a ƙara kujeru a kan hanya in baƙi sun yi yawa. Kowace hanya ta miƙe har ƙofa. Takalma, in ana cirewa, a yi musu wuri a gefe. In da hali, babbar ƙofar shiga ta kasance a baya, don mai makara da mai fita alwala kada su ratsa gaban allo.

Akwai kuma masu keken guragu da masu sanda. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar Nijeriya mai hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Keken guragu na bukatar hanya mai faɗin ƙafa 3, da fili mai faɗin ƙafa 5 inda zai juya, da tebur wanda ƙarƙashinsa ya kai inci 27 don gwiwa ta shiga. A cire kujera guda a bakin hanya a sahun da ke kusa da gaba, a bar wurin. Kada a ajiye mutum shi kaɗai a bayan ɗaki kamar ɗan kallo.

Girma da matsayi

A nan ne malamin Hakimi ya kan sami kansa tsaka mai wuya. Al'adarmu ita ce babba a gaba, ƙarami a baya, kuma al'ada ce mai kyau, babu mai cewa a bar ta. Amma a ɗakin kwas sau da yawa ƙananan nan su ne za su koma su riƙe alƙalami. In dagatai da masu unguwanni suka cika sahun gaba da rawunansu, rawani kuwa ya kan ƙara wa mutum tsawo, sai malaman da aka shirya kwas ɗin dominsu su koma ba su ganin kome sai rawani.

Maganin abin ba wuya. A shirya wa manya kujerunsu na girma a gaba ta gefe guda, a karkace, suna ganin allo suna kuma ganin jama'a, kamar yadda 'yan majalisa su ke zama a gefen Sarki. Wannan wuri ya fi sahun gaba daraja, ga shi kuma bai tare kowa ba. Tsakiyar ɗaki a bar wa masu rubutu. Babban tebur na buɗe taro, da an gama addu'a da jawabai manyan baƙi sun tafi, a ɗauke shi. Amma fa malami ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Sai Hakimi, ransa ya daɗe, ya faɗa da bakinsa cewa haka ya ke so, ya kuma fara zama a wurin da kansa. In ya yi haka babu wanda zai ga an rage masa girma.

In akwai mata, kuma ana so a raba zama, a raba dama da hagu, hanyar tsakiya ta shiga tsakani, kowane sashe ya sami rabonsa na gaba da na baya. In aka raba gaba da baya, an ba sashe guda dukan kujeru marasa kyau ke nan. Mai goyo a ba ta bakin hanya kusa da ƙofa. Dattijo mai raunin ido ko kunne a matso da shi gaba ko da ba shi da sarauta. Bahago kuma, da ya ke wajen mutum ɗaya cikin goma bahago ne, a ba shi ƙarshen tebur ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa.

Wuta da iska

In za a yi aiki da kwamfuta, a dubi inda soket su ke tun kafin a jera tebura. Waya ta bi gindin bango, sa'an nan ta shiga ƙarƙashin sahu daga gefe. Kada ta ratsa hanya. In tilas ne ta ratsa, a danne ta da abin rufi mai faɗi a manne. Kada a yi ta jona waya bisa waya daga soket guda, domin ta haka gobara ke tashi. Ruwan sha da shayi a teburin baya, nesa da wayoyi.

A duba kada fanka ta rataya a gaban hasken majigi. Kada a toshe tagogi da tulin kaya, domin ɗakin da ya cika da mutane ba iska, barci ya kan kama su tun kafin azahar, musamman da bazara. Da hunturu kuwa a share tebura da safe, a rufe majigi da ƙyalle in an tashi, saboda ƙura.

Aikin malami kafin ranar taro

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mako guda kafin kwas, malami ya ɗauki tef ya auna ɗaki: tsawo, da faɗi, da tsayin rufi. Ya sami takarda mai gida-gida irin ta littafin lissafi, ya ɗauki kowane gida a matsayin ƙafa 1, ya zana ɗakin, ya sa alamar ƙofofi da tagogi da ginshiƙai da soket. Sa'an nan ya yanka kwali ƙanana a madadin tebura, gida 6 tsawo, gida 2 faɗi, ya yi ta jujjuya su a kan zanen har ya sami shirin da ya dace. Tura kwali da yatsa ya fi jan tebur sauƙi. Ya fara fitar da hanyoyi da wurin mai koyarwa, abin da ya rage shi ne na tebura. In ya fara da tebura, hanyoyi ne za su ƙuntata.

Ya kai wa Hakimi zanen ya gani, ya kuma nuna wa mai koyarwa. Ana gobe taro ya shata layukan da alli a ƙasa, masu ɗauko kaya su bi shatin. Ya ƙidaya kujeru, ya girgiza kowacce, mai karyayyar ƙafa a fitar da ita. Ya ajiye rarar kujera huɗu ko biyar a wajen ɗaki, ba a ciki ba.

Daga ƙarshe sai gwaji. Ya sa wani ya tsaya a gaba ya yi rubutu a allo, ya yi magana da muryar da ya saba. Ya zaunar da dogon mutum a sahun gaba. Shi kuma ya je ya zauna a kujerar ƙarshe ta lungun baya, sa'an nan ta ƙarshen sahun gaba ta gefe, sa'an nan wadda ke kusa da ginshiƙi. A kowacce ya buɗe rajista ya rubuta layi guda daga abin da ke allo, ya miƙe ya nufi ƙofa. Kujerar da ya kasa karanta allo daga kanta, ko ya kasa fita sai ya ta da mutum huɗu, ya cire ta ko ya gyara sahun.

In an gama kwas kada a yar da zanen. Malami ya rubuta a bayansa yawan mutanen da suka zo, da irin zaman da aka yi, da abin da ya ba da wahala, ya sa shi cikin fayil na ofishin Hakimi. Wata rana wani kamfani ko wata ma'aikata za ta aiko da tambaya, ɗakinku mutum nawa ya ke ci? Sai a buɗe fayil a ba su amsa a rubuce: kaza in jawabi ne, kaza in rubutu ne, kaza in shawara ce.

Allah ya taimaki Hakimai da malamansu bisa wannan aiki, amin.